Mu Koyi Turanci: "Negotiate", Kalmar Ciniki Da Sasantawa

  Kamar yadda muka saba, kalma ɗaya za mu ɗauka mu juya ta ciki da bai, har sai ta zauna mana a baki da kuma alƙalami. Kalmarmu ta wannan mako ita ce "negotiate".

Babu ɗan Utai ko Darki ko Indabo ko Lajawa da za a koya wa ciniki. Tun yaro yana ɗan shekara bakwai ake aikensa sayen kayan miya. Ya san yadda ake tayawa, ya san in mai kaya ya ce albarka to sai a ƙara, ya kuma san neman gyara bayan an sallama. Wanda ya taɓa bin mahaifinsa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a kuwa ya ga cinikin manya, inda dillali ke kai da komo tsakanin mai saniya da mai saye har ciniki ya faɗa, ya karɓi la'adarsa. To amma wannan yaro da ya ƙware haka, da zarar an ce ya faɗi abin da ya gani da Turanci, sai ka ji ya tsaya a "How much last?" Wannan giɓi yana cin maki a jarrabawar WAEC da NECO, bayan an gama makaranta kuma yana cin kuɗi da haƙƙi. Dabarar cinikin muna da ita tun daga gida, kalmomin ne kawai za mu ƙaro.

Ma'anarta

"Negotiate" aikatau ce. Ma'anarta ta farko ita ce mutum biyu, ko ɓangarori biyu, su tattauna a kan abin da kowannensu yake da buƙata a ciki, har su kai ga matsayar da kowa ya amince da ita. A Hausa kalmomi da yawa ne suka raba wannan aiki. Idan kaya ne da kuɗi, mukan ce ciniki. Idan rigima ce, mukan ce sasantawa ko sulhu. Idan gwamnati ce da ƙungiyar ma'aikata, gidajen rediyo kan ce tattaunawa. Idan an kammala, sai mu ce an daddale, ko an ƙulla yarjejeniya. Turanci ya tattara duk wannan a cikin kalma guda.

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, daga "negotium", wadda ke nufin kasuwanci ko harka. Ita ma haɗin kalmomi biyu ce, ta farko na nufin babu, ta biyu na nufin hutu. Wato a wurin Rumawan da, kasuwanci shi ne rashin hutu. Duk wanda ya ga dillali a kara da tsakar rana gumi na zuba zai ce ba su yi ƙarya ba.

Ga abin da za mu riƙe tun daga nan: ba a "negotiate" sai da ɓangare biyu, kuma sai kowane ɓangare yana da abin bayarwa. Mai saniya yana da saniya, mai saye yana da kuɗi, kuma kowannensu yana iya cewa bai yarda ba ya kama gabansa. Inda mutum ɗaya ne ke ba da umarni sauran na bi, kalmar da ta dace ita ce "order". Inda mutum ya zo hannu rabbana yana neman alfarma, sai a ce "beg" ko "plead". Ɗalibin da ya makara ya ce wa malami a yafe masa bulala, roƙo yake yi. Ɗalibin da ya ce a ɗage masa aikin yau zai kawo na yau da na gobe tare, shi ne ya fara "negotiate".

Furuci da rubutu

Kalmar tana da gaɓa huɗu, kuma a gaɓa ta biyu ake danna murya: ni-GO-shi-yet. Ku lura da "ti" ɗin da ke tsakiya, ana furta shi kamar "shi" na Hausa, kamar yadda yake a "patient" da "initial". Da yawa daga cikin ɗalibai kan furta shi "nego-ti-yet", wasu kuma su kai nauyin muryar gaɓar ƙarshe. A sashen jarrabawa da ake kira "Test of Orals" akan tambayi gaɓar da ke ɗauke da nauyin murya, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga danginta, duk daga saiwa ɗaya. "Negotiation" suna ne, wato tattaunawar kanta. Gaɓarta biyar, kuma nauyin murya yana komawa ta huɗu: ni-go-shi-EI-shin. Wannan ƙa'ida ce da za ta taimake ku a wurare da yawa: kalmar da ta ƙare da "tion", a gaɓar da ke gabansa ake danna murya, kamar "education" da "examination". "Negotiator" shi ne mai tattaunawar. "Negotiable" sifa ce, abin da ake iya ciniki a kansa. "Renegotiate" kuma sake zama ne a kan yarjejeniyar da aka riga aka ƙulla.

Wajen rubutu, da harafin "t" ake rubuta ta. Ba a sa "sh" ko da yake shi ake ji, ba a kuma sa "c". 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatun Faransanci sun saba da "négocier" mai "c", amma a Turancin yau "t" ne. Lokutanta ba su da wahala: "I negotiate", "she negotiates", "we negotiated", "they are negotiating". A na ƙarshen nan ana jefar da "e" kafin a sa "ing".

Ƙananan kalmomin da ke bin ta

A nan ne aikin yake. Malaman Turanci suna kiran waɗannan ƙananan kalmomi "prepositions", kuma su ne masu shirya jarrabawa suka fi son cirewa su bar gurbi a cike. Uku za mu riƙe.

Ta farko "with". Ita ke nuna wanda ake cinikin da shi. "My father negotiated with the cattle dealer." Wato Baba ya yi ciniki da mai sayar da shanu. Idan aka cire "with" aka ce "My father negotiated the cattle dealer", jimlar ta lalace, domin ta mayar da mutumin kamar shi ne hajar.

Ta biyu "for". Ita ke nuna abin da ake son a samu. "The farmers are negotiating for cheaper fertiliser." Manoma suna tattaunawa don su sami taki mai sauƙin kuɗi.

Ta uku "over", wadda wani lokaci "about" ko "on" kan maye gurbinta. Ita ke nuna batun da ake ja-in-ja a kansa. "The two families negotiated over the boundary of the farm." Gidajen biyu sun tattauna a kan iyakar gona.

Ana iya haɗa biyu a jimla ɗaya, kuma yawanci mutum ne ke zuwa kafin abu: "The drivers negotiated with the union over the new fare." Direbobi sun tattauna da ƙungiya a kan sabon kuɗin mota. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce mu yi wa kanmu tambaya da Hausa. Da wa? "With". Don samun me? "For". A kan me? "Over".

Sai mu yi hattara da wata maƙwabciyarta, "discuss". Ita ba ta karɓar "about" ko kaɗan. "We negotiated about the rent" daidai ne, amma "We discussed about the rent" kuskure ne da ya yi katutu a bakin mutane. Abin da za a ce shi ne "We discussed the rent."

Nema daban, samu daban

Akwai wani bambanci da ɗalibai ƙalilan ne suka san shi, kuma yana fitowa a tambayoyin fahimtar rubutu. Dubi waɗannan jimloli biyu:

"The workers negotiated for a pay rise."

"The workers negotiated a pay rise."

Kalma ɗaya ce tak ta raba su. Ta farko ta ce ma'aikata sun tattauna suna neman ƙarin albashi, ba ta gaya mana ko sun samu ba. Ta biyu, wadda babu "for" a cikinta, tana nuna sun tattauna har sun samu. Kamar bambancin "ya taya rago" da "an sallama masa rago" ne. Wanda ya taya yana iya komawa gida da igiya kawai.

Kalmomin da ke bin "negotiate" kai tsaye, ba tare da wata ƙaramar kalma a tsakani ba, su ne sunayen abin da tattaunawa ke haifarwa: "a price", "a deal", "a contract", "a loan", "a settlement", "a ceasefire". Shi ya sa ba a cewa "I negotiated the ram". Ragon yana nan tun kafin ciniki, farashinsa ne ciniki ya haifar. Sai a ce "I negotiated the price of the ram", ko "I negotiated for the ram".

Ga misali daga tarihin ƙasarmu. A shekarar 2005, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, Najeriya ta zauna da ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi da ake kira Paris Club. Suna bin ta kimanin dala biliyan 30. Aka yafe kimanin biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12. Tunda an samu abin da aka je nema, sai mu ce: "Nigeria negotiated debt relief with the Paris Club in 2005."

'Yan uwanta na kasuwa

Ba kowane ciniki ne ya cancanci "negotiate" ba. Kalma ce mai ɗan nauyi, ta fi dacewa da abu mai muhimmanci: gona, saniya, haya, albashi, kwangila, sulhu. Idan ka ce "I negotiated for five naira pepper", Bature zai yi murmushi, kamar ka ce an kira taron dattawa a kan barkonon miya. Ga waɗanda suka dace da cinikin yau da kullum.

"Bargain" ita ce ciniki na gama-gari. "She bargained with the tomato seller." Idan ta zo a matsayin suna kuma tana nufin arha: "The bicycle was a bargain", wato keken ya yi arha. Mutumin da ba ya sassautawa a ciniki, akan ce "He drives a hard bargain."

"Haggle" ita ce cinikin da ake ta ja, a rage naira hamsin a ƙara naira ashirin. "Over" ce ke bin ta: "They haggled over the price of the goat for an hour."

Sai "price", wadda muka mayar aikatau a Turancinmu na Najeriya. Mukan ji ana cewa "I priced the shoe", ana nufin na taya takalmin. A kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari kowa zai gane, kuma babu laifi a faɗa a can. Amma a daidaitaccen Turanci, wanda ake gyara takardar jarrabawa da shi, mai kaya ne ke "price", wato shi ke sa wa kayansa farashi. Mai saye kuwa "make an offer" yake yi. Don haka na taya naira dubu goma shi ne "I offered ten thousand naira." Albarka kuma, da ma'anar ban sallama ba, ita ce "I can't accept that." Sannan "How much last?" sai ta koma "What is your best price?" ko "What is the lowest you can accept?"

Ƙarshen kowane ciniki mai kyau amincewa ce, kuma "agree" ma tana da nata ƙananan kalmomi. "Agree with" mutum, "agree on" farashi ko rana, "agree to" shawara ko sharaɗi. Ba a cewa "I am agree", sai dai "I agree". Idan kowa ya sassauto aka haɗu a tsakiya, wannan shi ne "compromise", ko a ce "They met halfway." Idan an daddale, "They reached an agreement." Idan an watse baram-baram, "The negotiations broke down."

Cinikin da ya shafi kowa

Don mu ga waɗannan kalmomi suna aiki tare, mu tuna cinikin mafi ƙarancin albashi na shekarar 2024. Kafin lokacin, naira 30,000 ne tun 2019. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka sa farashinsu a naira 615,000. Gwamnatin Tarayya ta taya 48,000. 'Yan ƙwadago suka ce albarka. Gwamnati ta yi ta ƙarawa har ta kai 60,000, su kuma suka sauko zuwa 494,000. Da aka kasa daidaitawa, sai aka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni. Aka koma tebur, gwamnati ta ce 62,000, 'yan ƙwadago suka ce 250,000. A watan Yuli aka daddale a kan naira 70,000, Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokar hannu a ƙarshen watan.

Duk wanda ya san kara zai ga babu wani baƙon abu a nan. Mai kaya ya kai farashi sama, mai saye ya taya ƙasa, aka yi fushi aka tashi, aka dawo aka sallama. Yanzu ga labarin da Turanci, a jimla huɗu:

"The unions negotiated with the government over the minimum wage. They demanded 615,000 naira, but the government offered 48,000. The talks broke down and the workers went on strike. In July, both sides agreed on 70,000 naira."

Ku kwafe wannan sakin layi a littafinku, ku ja layi a ƙarƙashin "with" da "over" da "on". Irinsa ne ake buƙata a rubutun insha'i: gajerun jimloli, kowace kalma a gurbinta.

Mu da ke jami'a akwai wata kalma da ba ma mantawa da ita, wato "renegotiate". Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya a 2009, kuma batun sake zama a kanta yana cikin manyan dalilan yajin aikin 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ɗalibai suna zaune a gida. Wannan ya isa ya nuna mana cewa idan manya suka kasa daidaitawa, na ƙasa ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Ku da ke shirin JAMB, kalmar nan ta shafe ku tun kafin ku shiga.

Akwai ragi ko babu?

Sifar nan "negotiable" ita ce wadda za ku fi cin karo da ita da zarar kun gama makaranta. A tallan waya ko babur a Facebook za ku ga "price negotiable", wato akwai ragi, a taya. A tallan neman ma'aikata za ku ga "salary negotiable", wato ba a yanke albashi ba, sai yadda aka daidaita da mai neman aikin. Matasa da yawa kan je ganawar ɗaukar aiki, a tambaye su nawa suke so a biya su, su sunkuyar da kai su ce "Anything, sir." Mai ɗaukar aiki kuwa ba zai ƙi arha ba. Hausawa sun ce rashin tayi akan bar arha. Amsar da ta fi ita ce mutum ya bincika abin da ake biya a irin aikin tun kafin ya je, sannan ya faɗi adadi cikin ladabi: "I was hoping for sixty thousand, sir, but I am willing to negotiate."

Kishiyarta ita ce "non-negotiable" ko "not negotiable", abin da babu ciniki a kansa. Kuɗin rajistar jarrabawa haka yake, ranar jarrabawa ma haka. A watan Agusta na 2017, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi amfani da wannan lafazi a jawabinsa ga 'yan ƙasa, inda ya ce haɗin kan Najeriya "not negotiable" ne. Sanin abin da ake ciniki a kansa da wanda ba a yi, rabin wayo ne. Mutuncin mutum da gaskiyarsa ba sa cikin kayan sayarwa, kuma duk wanda ya zo muku da maganar a daidaita a kan amsar jarrabawa, ku gaya masa wannan "not negotiable" ne.

Abu ɗaya kuma: lokacin ciniki kafin sa hannu ne. Takardar haya ko ta koyon sana'a ko ta bashi, a karanta ta tun daga farko har ƙarshe, abin da ba a gane ba a tambaya. Sa hannu a takardar da ba a karanta ba cinikin biri a sama ne. Bayan an sa hannu sai dai a nemi "renegotiate", kuma ɗaya ɓangaren yana da damar ƙin yarda.

Ma'ana ta biyu

Wata rana za ku karanta a jarida: "The driver lost control while negotiating a bend." Kada ku ɗauka direban ya tsaya ciniki da kwana. A nan "negotiate" tana nufin wuce wuri mai wuya cikin dabara, kamar kwana mai kaifi ko hanya mai ramuka ko cunkoso. Wannan ma'ana ba ta buƙatar "with" ko "over", wurin ne ke bin ta kai tsaye. "The lorry negotiated the narrow road slowly." "We negotiated the Friday traffic on Wudil bridge." Idan kun ga abin da ya biyo bayan kalmar hanya ce ko tudu ko kogi, to wannan ma'anar ake nufi. Masu shirya jarrabawa suna son ta, domin ta nan ake gane wanda ya fahimci jimla da wanda ya haddace ma'ana ɗaya.

Mu gwada a makaranta

A ce an sa wa ajinku darasin ƙari ranar Juma'a da yamma, alhali da yawanku kuna taya iyaye aiki a kasuwar Wudil a ranar. Aji ya tura monita wurin mataimakin shugaban makaranta. Ga yadda maganar za ta iya kasancewa:

Monita: "Good morning, sir. The class has asked me to discuss the time of the extra lesson with you."

Malam: "What is wrong with Friday afternoon?"

Monita: "Many of us help our parents at the market on Fridays, sir. If you move it to Saturday morning, we will all attend, and we will sweep the laboratory afterwards."

Malam: "Saturday is possible, but the lesson must start at eight. That is not negotiable."

Monita: "We agree to that, sir. Thank you very much."

Ku lura da abubuwa uku. Na farko, monita bai ce wa Malam "I want to negotiate with you" ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya tsayawa gaban babba ya ce ya zo ciniki, kuma ko a Turanci "discuss" ta fi taushi a irin wannan wuri. Sai ya dawo aji ne za a ce: "Our monitor negotiated a new time with the vice principal." Na biyu, ya kawo dalili, bai zo da ƙorafi kawai ba. Na uku, ya zo da abin bayarwa: kowa zai halarta, kuma za a share ɗakin gwaje-gwaje. Jimlar da ta ɗauki nauyin cinikin duka ita ce mai "If you" da "we will". Wannan ƙira ita ce ta kusan kowace tattaunawa, daga ta monita har ta 'yan ƙwadago: in kun yi kaza, za mu yi kaza. Idan aka ba ku wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko shugaban ƙaramar hukuma a jarrabawa, ku sa irin wannan jimla a ciki, za ta ƙara wa hujjarku ƙarfi.

Aikin gida

A cike gurbi da "with", "for", "over", "on" ko "to". Inda ba a buƙatar komai, a bar shi haka.

1. The villagers negotiated ____ the contractor.

2. My aunt haggled ____ the price of the mat.

3. After two hours, they agreed ____ a date for the match.

4. The bus negotiated ____ the sharp bend safely.

5. The students are negotiating ____ more time, but they have not got it yet.

6. The landlord agreed ____ our proposal.

Sannan a mayar da waɗannan Turanci:

1. Yayana ya yi ciniki da mai babur a kan kuɗin kai mu Utai.

2. Na taya naira dubu biyar, amma bai sallama ba.

3. Farashin littafin nan babu ragi.

A ƙarshe, duk wanda ya je kasuwa a wannan mako ya saurari ciniki guda ɗaya tun daga tayi har sallamawa, ya dawo ya rubuta shi da Turanci a jimla huɗu, kamar yadda muka yi wa cinikin albashi. Ku nuna wa malaminku na Turanci ya duba muku. Amsoshin aikin gida za su zo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da sabuwar kalma. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa albarka a abin da muka koya. Mu kwana nan.